Daro da Tawul: Ina Muka Ajiye Wankin Ƙafa?

Nazarin Littafi Mai Tsarki domin iyali
Karatu: Yohanna 13:1-17
Ayar haddacewa: Yohanna 13:15

A ajin baftisma na bara, a nan Keffi, wata yarinya 'yar shekara 14 ta yi mini tambayar da na kwana ina juya ta a zuci. Ina cikin koya musu cewa farillai biyu Ubangiji ya bar wa ikkilisiyarsa, wato baftisma da Jibin Ubangiji, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Baba Fasto, to wankin ƙafa fa? Ai shi ma Yesu ne da bakinsa ya ce a yi. Ƙawata 'yar EYN ce, su har yanzu suna yi. Mu me ya sa muka bari?" Na ba ta amsar da aka ba mu a makarantar tauhidi. Amsar ba ta da aibu, za mu zo kanta a gaba. Amma yarinyar ta dube ni irin duban da yaro yakan yi wa babba sa'ad da aka rufe masa baki ba a gamsar da shi ba. Saboda ita na rubuta wannan darasi, gama na tabbata akwai irinta a gidaje da yawa, iyaye kuma suna bukatar abin da za su faɗa.

Kafin a ci gaba, maigida ko uwargida su karanta nassin da ƙarfi, kowa yana ji. A karanta a hankali, har sau biyu in da hali.

Ƙura da baƙunci

Duk wanda ya taɓa takawa da silifa daga kasuwar Keffi zuwa Angwan Lambu a watan Janairu ya san abin da ƙura take yi wa ƙafa. Ƙasar Yahudiya ma haka take. Takalmansu masu maɗauri ne, ƙafa a buɗe, hanyoyin kuwa jakuna da tumaki suna bi suna barin abin da suka bari. Saboda haka ruwan wanke ƙafa shi ne abu na fari da ake tarbar baƙo da shi, kamar yadda mu a nan ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai an miƙa masa ruwan sha. Ibrahim ya sa a kawo wa baƙinsa uku ruwa a Mamre (Farawa 18:4). Lutu ya yi wa mala'iku biyu tayin haka a Saduma (19:2). A gidan Laban an ba baran Ibrahim da mutanensa ruwa (24:32), haka kuma aka yi wa 'yan'uwan Yusufu a Masar (43:24).

A lura da abu guda a dukan wuraren nan. Mai gida ruwa yake bayarwa, baƙo ne yake wanke ƙafarsa da kansa. In gidan mai hali ne, bawa ya yi. Malaman Yahudawa har sun koyar cewa kada a tilasta wa bawa Ba'ibrane ya wanke ƙafar ubangidansa, don aikin ya yi ƙasƙanci da yawa. Shi ya sa maganar Abigiyel ta yi nauyi sa'ad da ta amsa aiken Dawuda da cewa a shirye take ta wanke ƙafafun barorinsa (1 Sama'ila 25:41). Kuma da Yesu ya so ya nuna wa Siman Bafarisiye cewa gayyatarsa ba ta kai zuci ba, abin da ya fara ambata shi ne ruwan ƙafa da ba a ba shi ba (Luka 7:44).

Abin da ya faru a benen

Ɗakin da suka ci Jibin Ƙetarewa na aro ne. Daro yana nan, ruwa yana nan, tawul yana nan, amma ba a ambaci bawa ba. Mutum goma sha biyu suka zauna cin abinci da Ubangijinsu, ba wanda ya taɓa daron. Luka ya tona mana abin da ke ransu: a teburin nan ne gardama ta tashi a kan wane ne babba a cikinsu (Luka 22:24). Wanda yake gardamar girma ai ba zai kai hannu ga daro ba, domin ɗaukarsa tamkar amsa cewa shi ne ƙarami.

Aya ta 3 ita ce mabuɗin labarin, ita ce kuma muka fi tsallakewa. Yohanna bai ce Yesu ya manta da ko shi wane ne ba. Ya ce yana sane da cewa Uba ya danƙa kome a hannunsa, yana sane da inda ya fito da inda za shi, sa'an nan ya tashi ya tuɓe rigarsa ya yi ɗamara da tawul. Wanda ya tabbata da matsayinsa ba ya tsoron durƙusawa. Mu da muke riƙe kujerar gaba da hannu biyu, muna fushi idan mai sanarwa ya manta da laƙabinmu, rashin tabbaci ne yake damunmu, ko da mun kira shi kiyaye mutunci.

Mutumin Keffi ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane firgitar Bitrus. Garin sarauta muke. Mun san yadda ake tuɓe takalmi tun daga nesa, a zube a kwashi gaisuwa. To a ce wata rana hakimi ya sauko daga kan shimfiɗarsa, ya warware rawani, ya ajiye babbar riga, ya tsuguna gaban yaran gidansa ya ce su miƙo ƙafa. Rabinsu za su gudu, sauran su fashe da kuka, don za su ɗauka ko hankalinsa ya taɓu ko duniya ce ta zo ƙarshe. Haka Bitrus ya ji. Ya ƙi, ƙi mai ƙarfi, ya ce har abada ba za a yi haka ba.

Ƙin nan ya yi kama da ladabi, amma akwai girman kai a ƙarƙashinsa. Bitrus yana so shi ne zai yi wa Ubangiji hidima, shi ne zai zare takobi, shi ne zai ba da ransa. Ya karɓi hidima daga hannun Ubangiji, wannan ne ya gagare shi. Na ga irin wannan a kaina. Ya fi mini sauƙi in wanke ƙafar mutum goma da in cire safa in miƙa tawa, da kaushinta da fasonta, wani ya riƙe ta a hannu. Amsar da Yesu ya ba shi ba ta da sassauci: wanda bai yarda a wanke shi ba, ba shi da rabo da shi. Ba a shiga mulkin Allah da abin da ka kawo a hannu. Sai ka zauna an yi maka.

Da Bitrus ya ji haka sai ya zarce, kamar yadda ya saba, ya nemi a haɗa da hannu da kai. A nan harshenmu ya taimake mu. A Helenanci kalmomi biyu dabam Yohanna ya yi amfani da su a aya ta 10, ɗaya ta wanke dukan jiki, ɗaya ta wanke sashe. Hausa ma ta raba su: akwai wanka, akwai wanke ƙafa. Wanda ya yi wanka a gida ya tafi biki, in ya isa ba ya sake wanka, ƙafar da ta kwashi ƙurar hanya kawai zai ɗauraye. Almasihu ya yi wa mai bi wanka sau ɗaya tak da jininsa, ba a maimaitawa. Amma muna tafiya a duniya, ƙura tana hawa kowace rana, ƙarya kaɗan a kasuwa, baƙar magana ga matarka, hassada a kan motar maƙwabci. Wannan ce ake kawowa gare shi kullum cikin tuba (1 Yohanna 1:9).

Kada kuma a manta Yahuza yana wurin. Sai a aya ta 30 ya fita. Ashe Ubangiji ya riƙe ƙafar mai bashe shi a hannunsa ya wanke ta ya goge, yana sane sarai. Da wankakkun ƙafafun nan Yahuza ya shiga duhu ya jawo masu kama shi. Abu biyu ke nan. Na fari, ba mu da izinin zaɓen ƙafar da za mu wanke. Na biyu, ruwan daro ba ya sāke zuciya. Wannan na biyun ya kamata a faɗe shi da ƙarfi a yau, domin wankin ƙafa ya dawo garuruwanmu ta wata ƙofa. A wasu sababbin majami'u ana shirya sujadar wankin ƙafa domin a sami ƙarin girma a wurin aiki, ko biza, ko a tattake maƙiya, har ana ɗiban ruwan a gora a kai gida. Ban ga wannan a Yohanna 13 ba. Abin da aka bayar domin a ƙasƙantar da kai an mai da shi laya ta neman ɗaukaka. In ruwan hannun Yesu kansa bai amfani Yahuza ba, na hannun wane fasto ne zai buɗe wa mutum ƙofar ofishin jakadanci?

Kakanninmu na Baptist

Yarinyar nan ta ce "muka bari", kuma tarihi yana bayanta. Wasu daga cikin 'yan Baptist na fari a Ingila, a ƙarni na 17, suna wanke wa juna ƙafa. A Amurka, ikkilisiyar Sandy Creek da Shubal Stearns ya kafa a Karolina ta Arewa a 1755, wadda ikkilisiyoyin Baptist masu yawa na kudancin ƙasar suka fito daga gare ta, tana riƙe da al'adu tara: baftisma, Jibin Ubangiji, cin abincin ƙauna, ɗora hannu, wankin ƙafa, shafa wa marasa lafiya mai, miƙa hannun dama na zumunta, sumbar ƙauna, da miƙa yara ga Allah. A ƙirga a ga nawa suka rage mana.

Amma tun da wuri akwai wani ra'ayi. Bayanin bangaskiya na London na 1689 farillai biyu kaɗai ya lissafa. Da ikkilisiyoyi suka koma birane, aka gina manyan majami'u, masu kuɗi da masu ilimi suka cika kujeru, sai wankin ƙafa ya zama abin ƙauye, aka bar wa ƙananan ƙungiyoyi irin su Primitive Baptist da Free Will Baptist, waɗanda suke yinsa har yau. Bayanin bangaskiyar Baptist na Kudancin Amurka, na 1925 da na 1963 da na 2000, duk a kan biyu suka tsaya.

Daga cikin waɗannan na Kudu ne Thomas Jefferson Bowen ya fito, ya sauka ƙasar Yarabawa a 1850, ya yi aiki a Ijaye da Ogbomoso. A 1914 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya a Ibadan, wadda ta zama Nigerian Baptist Convention a 1919. Zuwa Arewa kuwa, 'yan kasuwa da ma'aikata Yarabawa ne suka fara kawo sunan Baptist, suna taruwa a gidajensu a Jos da Kaduna da Zariya, kafin a buɗe makarantar horar da fastoci da harshen Hausa a Kawo. Abin da suka kawo mana farillai biyu ne. Saboda haka gaskiyar magana, wankin ƙafa a matsayin sujada ya riga ya faɗi daga kayan tun kafin kayan su iso wurinmu.

Wasu kuwa sun iso da shi. A ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser na Church of the Brethren suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a Garkida. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fito, ta kuma gāji wankin ƙafa tare da abincin ƙauna. 'Yan Adventist suna yi kafin Jibi. 'Yan Katolika suna yi ranar Alhamis kafin Ista, kuma a 2013 Paparoma Francis ya yi nasa a gidan yarin matasa a Roma, inda ya wanke ƙafafun fursunoni 12, har da mata, har da Musulmi.

Amsar da na ba ta

Ga amsar makaranta. Kafin mu kira abu farilla, mukan nemi shaida uku: Almasihu ya umarta, manzanni sun aikata a ikkilisiya, wasiƙu kuma sun bayyana ma'anarsa. Baftisma ta cika ukun (Matiyu 28:19, Ayyukan Manzanni 2:41, Romawa 6:3-4). Jibi ma haka (Luka 22:19, Ayyukan Manzanni 20:7, 1 Korintiyawa 11:23-26). Wankin ƙafa kuwa ba ya cikin Ayyukan Manzanni ko sau ɗaya. A wasiƙu wuri guda ya fito, 1 Timoti 5:10, inda Bulus yake faɗar irin gwauruwar da za a sa a lissafin ikkilisiya. Ya jera shi tare da renon 'ya'ya, da saukar da baƙi, da taimakon masu shan wuya. Da a ce sujada ce da kowa yake yi, da ba zai zama ma'aunin bambanta wata gwauruwa da wata ba. Aikin gida ne. Yesu kansa kuma misali ya kira shi a aya ta 15.

Na yarda da wannan amsa har yanzu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muke amfani da ita. Mun ce wankin ƙafa ba na majami'a ba ne, na gida ne, sa'an nan muka koma gida ba mu yi ba. Mun ce alama ce ta tawali'u, muka ajiye alamar, kuma ba na iya rantsewa cewa mun riƙe tawali'un. Hujja mai kyau ta zama mana bukkar ɓuya. Aya ta 17 ba ta ɗora albarkar a kan sani ba, a kan yi ta ɗora ta.

Kakata ta wajen uwa, a ƙauyenmu ta hanyar Gitata, ba ta iya karatu ba, ba ta kuma taɓa jin gardamar farillai biyu ko uku ba. Amma in mai bishara ya iso da ƙafa ran Asabar da yamma, takan ɗora ruwa a murhu, ta juye a tasa, ta ajiye masa da sabulun salo da dutsen goge kaushi. In tsoho ne, ko ƙaya ta soke shi, ita da kanta take tsugunawa ta cire da allura ta shafa man kaɗe. Ba wanda ya rera waƙa, ba wanda ya karanta nassi. Ita ce gwauruwar 1 Timoti 5:10, ko da ba ta san an rubuta ta ba.

Abin da ya zube a hanya

Keffi ta sāke a idonmu. An ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, jami'ar jiha ta zo garin a farkon shekarun 2000, Abuja kuma ta yi ta kumbura har ta haɗiye Mararaba da Masaka. Da yawa cikin 'yan ikkilisiyarmu suna fita tun kafin asuba su kama hanyar Abuja, ba su dawowa sai dare ya yi. Ba laifinsu ba ne, abinci suke nema. Amma addu'ar asuba da ƙararrawa take tara mu ta koma ta tsofaffi huɗu ko biyar. Ajin baftisma da akan yi wata da watanni ana haddace nassi, yanzu iyaye suna tambaya ko ba za a gama a mako uku ba kafin yaro ya koma makaranta. Baƙon da ya zo taro, dā rige-rigen ɗaukarsa ake yi, yanzu kwamiti yana nemo masa ɗaki a otal. Littafin Waƙoƙi yana kan kanta, majigi ya karɓe aikinsa, in wuta ta ɗauke sai a ga jama'a ba su san baiti na biyu ba. Horon ikkilisiya kuwa ya zama na yarinyar da ciki ya tona wa asiri. Mai kuɗin da ya cinye filin marayu yana nan a kujerarsa, in ma aka taɓa shi, majami'a ta gaba tana jiransa da hannu biyu.

Ba duk abin da ya wuce ne nake kuka a kansa ba. Ban yi kewar kujerar baya da ake zaunar da mai laifi a yi ta kallonsa wata shida ba, sau da yawa kunyatarwa ce kawai, ba maidowa. Ba na kuma cewa waƙa ta fi tsarki don tana cikin littafi. Al'ada riga ce, in ta tsufa a sāke. Amma na lura da wani abu a kan waɗanda muka zubar. Kusan dukansu masu cin lokaci ne, masu sa mutum ya kusanci ɗan'uwansa har ya ji warin zufarsa. Waɗanda muka riƙe muka ƙara wa ado kuwa, irin su bikin godiya da ƙaddamar da gini da ankon Zumuntar Mata, ana iya yinsu daga nesa, da ambulan. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mun mai da ita a waya.

Wata Alhamis a wurin maƙwabta

A 2014 Boko Haram ta auka wa yankin 'yan'uwanmu na EYN. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilu 'ya'yansu ne, a watan Oktoba kuma aka mamaye hedkwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi. Dubbai suka watse, wasu suka sauka a jiharmu, a Gurku da kewayen Masaka. Ta haka al'adar da ba ta iso mu ta Ogbomoso ba ta iso mu ta hanyar gudun hijira.

Bayan tambayar yarinyar, na roƙi wani fasto abokina a cikinsu ya bar ni in zauna a sujadarsu. Maza suna gefe guda, mata suna gefe guda, robobin ruwa a ƙasa. Na yi niyyar kallo ne kawai, amma ba a bar ni ba. Wanda ya tsuguna a gabana tsoho ne, ya isa haihuwata, daga baya na ji cewa ya kwana da kwanaki a kan duwatsu yana gudu, ƙafarsa duk tabo. Ya kama tawa, wadda ba ta san wata wahala ba sai ta taka totur, ya wanke a hankali har tsakanin yatsu, ya goge, ya tashi ya rungume ni. Na ji abin da Bitrus ya ji. Na so ƙasa ta tsage. Da juyi ya zo kaina, wanda na wanke wa yaro ne da ba zai wuce shekara 20 ba, ya kau da fuska yana jin nauyi. Ban fito da sabuwar koyarwa daga wurin ba. Amma mako guda na kasa ɗaga wa kowa murya a gidana.

To, me za mu yi?

A tsarin Baptist kowace ikkilisiya tana da ikon shirya sujadarta. Ba dokar da ta hana mu ɗauko daro sau ɗaya a shekara, muddin ba mu kira shi farilla ba, ba mu tilasta wa kowa ba, ba mu kuma ce yana kawo ceto ko arziki ba. In za a yi, maza su yi da maza, mata da mata, a sanar tun da wuri don kada a kunyata kowa. Kada a zaɓo mutum goma sha biyu masu tsabtar ƙafa fasto ya wanke ana ɗaukar hoto. Umarnin na juna ne, fasto ma ya cire takalminsa. Waɗanda ba sa ga maciji da juna kuma su shirya tukuna (Matiyu 5:23-24), in ba haka ba wasan kwaikwayo za a yi.

Amma tun da mun ce aikin gida ne, a gida za a gwada mu. A kowace unguwa akwai tsohuwar da ba ta iya sunkuyawa ta kai hannu ga ƙafarta, farcenta ya yi tsawo ya lanƙwashe, 'ya'yanta suna aiko kuɗi daga Abuja. Akwai mai ciwon sukari, wanda ma'aikatan lafiya suke cewa a duba ƙafarsa kowace rana, a wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan, a busar da tsakanin yatsu, domin ƙaramin rauni da bai ji zafinsa ba yana iya kai shi ga yanke ƙafa. In an ga rauni, a kai shi asibiti, kada a tsaya shafe-shafe. Akwai mace mai tsohon ciki da ƙafa ta kumbura, mijinta yana zaune yana danna waya. Akwai mara lafiya a asibiti da ba shi da mai jinya. A daren nan, bayan karatu, iyali su ambaci sunan mutum ɗaya irin wannan, a sa rana, a kuma faɗi wanda zai ɗauki tasa. Yara su tambayi Baba yaushe rabonsa da ya yi wa Mama aikin da yake ganin ya fi ƙarfinsa. Baba kuma ya amsa.

Na kai maganar sujadar Alhamis gaban dattawanmu. Uku sun yarda nan take. Ɗaya ya ce za a ce mun zama 'yan Katolika. Wani kuma, mutumin kirki wanda ya yi wa ikkilisiya hidima shekara 30, ya yi shiru har aka kusa tashi, sa'an nan ya ce shi zai wanke ta kowa, amma ba wanda zai ga tasa. An ɗage maganar zuwa taron ikkilisiya na watan gobe. Yarinyar da ta tayar da zancen an yi mata baftisma a watan Disamba, saboda haka tana da ƙuri'a a taron.